Daga Indomie Zuwa Dangdut: Yadda Indonesiya Ta Mayar Da Aro Ya Zama Nata

Yau daga nan Dabai za mu leƙa Indonesiya, ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 270 da harsuna fiye da 700. Kar ku ce ta yi nisa fa. Indomie ɗin da mai shayi ke soya muku da ƙwai, asalinta daga can take.

Amma yau ba taliya ce ta kawo mu ba, harkar nishaɗinsu za mu duba, domin tarihinta ya yi kama da namu sosai.

Suna da wani kiɗa da ake kira dangdut. Sunan ma daga sautin ganga aka samo shi: "dang", sannan "dut". Tushensa waƙoƙin finafinan Indiya ne, haɗe da salon Larabawa da na Malay. Wato abin da ya faru da waƙoƙin Kannywood tun zamanin Sangaya. Da farko 'yan boko sun raina shi, suna ce masa kiɗan talakawa. Sai ga Rhoma Irama a shekarun 1970, ya shigo da jita irin ta Turawa, ya riƙa waƙa da harshensu a kan talauci da caca da tsoron Allah. Yanzu da wuya a yi biki ko taron siyasa a can ba dangdut.

Su ma sun sha rigimar rawa. A 2003, salon rawar mawaƙiya Inul Daratista ya tayar da ƙura, malamai suka yi ca, shi kansa Rhoma ya soke ta. Mu kuma a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano. Ashe ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba.

To ta ina suka yi mana fintinkau? Ba su tsaya a aro ba, sun waiwayi abin da ke gidansu. A 2008 fim ɗin Ayat-Ayat Cinta, labarin soyayyar wani ɗalibi a Azhar, ya nuna cewa labari mai ɗauke da addini zai iya cika sinima. A 2011 fim ɗin The Raid ya fito da salon faɗansu na gargajiya, pencak silat, duniya ta gani, har jarumin, Iko Uwais, ya shiga finafinan Amurka. A 2019 UNESCO ta sanya silat cikin al'adun da take karewa.

Wanda ya fi burge ni shi ne KKN di Desa Penari na 2022. Labarin ɗalibai ne da aka tura ƙauye aikin al'umma, kamar 'yan bautar ƙasa, suka karya dokar garin. A Twitter wani ya fara rubuta shi a 2019. Mutum sama da miliyan 9 suka sayi tikiti.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasar Zuru na da bikin Uhola, da kokawar da aka san Dakarkari da ita, da golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata. Wallahi wannan kaɗai fim ne sukutum. Amma dattawan da suka san waɗannan labarai suna ta tafiya, yaranmu da yawa kuma C'lela ta fara kuɓuce musu. Idan ba mu ɗauka ba, wani zai zo daga nesa ya ba da labarin a karkace.

Kowa na da waya a hannu. Ku zauna da kaka ko kawu, ku naɗi muryarsa da izininsa, ku rubuta. Wane labarin garinku ne ya cancanci zama fim? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.