Tallar Waya a Mayo Gwoi: Abin da Ya Haife Ta da Abin da Ya Ɗaure Mata Ƙafa

A ranar 20 ga Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, kuma kafin ƙurar wannan ta lafa, a watan Mayun shekarar aka samu labarin cewa kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya shaida wa kotu yana iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar saboda tarar kusan dala miliyan 290 da hukumomin gwamnati uku suka ɗora masa. Muhawarar da ta biyo baya an yi ta ne tamkar duk mai sayar da kaya ta intanet a Legas ko Abuja yake zaune, yana biyan kuɗin talla, yana lissafin mabiya. Ƙananan 'yan kasuwar unguwa irin Mayo Gwoi da ke Jalingo ba haka cinikinsu yake tafiya ba, kuma rashin fahimtar wannan ne ya sa ake ta yi musu maganin ciwon da ba shi ke damunsu ba, ana tara su a zauren taro ana koya musu dabarun talla, alhali abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne sauƙin biyan kuɗi, abin da ya tsayar da su kuwa shi ne hanya da wuta da amana.

Ciniki daga cikin gida ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun a 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana yadda matan aure ke gudanar da kasuwanci mai yawa ba tare da sun taka kasuwa ba, daga baya kuma Enid Schildkrout ta nuna a birnin Kano cewa yara masu talla su ne ƙafafun wannan kasuwanci. Jalingo gari ne na haɗaka, na Fulani da Mumuye da Kona da Jukun da Hausawa da sauran baƙi, kuma kulle bai game gidajensa ba, amma tun da ya zama babban birnin jihar Taraba a 1991 ya cika da ma'aikatan gwamnati da matansu da ɗalibai, waɗanda ke neman abin rufin asiri bayan albashi ba tare da suna da lokacin zaman shago ba. Wayar hannu ta tarar da wannan buƙata tana jira. Aikin da 'yar talla ke yi da faranti a ka, shi sitatus na WhatsApp ke yi a yau, wato hoto ko gajeren bidiyon da mai waya ke ɗorawa ya zauna awa 24 sannan ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda shi da mai shi suka ajiye lambobin juna. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ya mayar da kasuwar ta zama ta sanayya, ta dangi da maƙwabta da abokan aiki da 'yan makaranta ɗaya, shi ya sa jarin farko na mai wannan sana'a shi ne yawan lambobin da ke wayarta, kuma shi ya sa a wajen biki ko suna ake yawan jin "ki ajiye lambata in ajiye taki."

Sai dai sitatus ya wanzu tun 2017, manhajar WhatsApp Business kuma tun 2018, amma cinikin bai bunƙasa a wancan lokaci kamar yadda ya yi daga baya ba, don ganin kaya daban, biyan kuɗinsa daban. Abin da ya karya wannan shinge shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar a watan Oktoban 2022 cewa zai sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffin kuɗi daga hannun jama'a ba tare da sababbi sun wadata ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris na 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A waɗannan makonni mai tumatir da mai nama da mai shayi, waɗanda a da ba sa sauraron zancen taransifa, dole ta sa suka nemi asusun da za a turo musu kuɗi. Manhajojin manyan bankuna sun yi ta sarƙewa saboda cunkoso, kuɗi ya fita daga asusun mai saye bai isa ga mai sayarwa ba, sai jama'a suka karkata ga kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su OPay da PalmPay da Moniepoint, waɗanda ake buɗe asusunsu ba tare da an je layin banki ba, kuma a wasunsu lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa. Lokacin da takardun kuɗi suka dawo, ɗabi'ar ba ta koma ba. Matar da ke zaune a Mayo Gwoi ta samu damar karɓar kuɗi daga mai saye a Sabon Gari ko Magami, ko ma Zing da Mutum Biyu, ba tare da an aiko yaro da kuɗi a ƙulle ba, kuma ta iya biyan dila a Kano kafin ta tashi daga tabarma. Duk wani bayani na bunƙasar tallar waya da ya tsallake wannan lamari ya bar jaki yana dukan taiki.

Yadda cinikin atamfa ke gudana ya isa misali. Dila a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano yana da zauren WhatsApp na masu sari, inda yake zuba hotunan sababbin zannuwa da leshi da shadda tare da farashi. Mai sayarwa a Jalingo tana kwashe hotunan, ta goge farashin dila, ta ɗora nata, ta sa a sitatus da safe da kuma bayan isha'i, lokacin da mata suka gama aikin gida suka ɗauki waya. Wadda ta ga abin da ya yi mata sai ta turo saƙon murya, domin da yawa sun fi sakewa da magana a kan rubutu: "Hajiya, wannan mai ruwan ƙasa nawa ne gaskiyarta?" In an daidaita, ta tura kuɗi ta biyo da hoton shaidar biya, mai sayarwa ta jira alat, wato saƙon da ke tabbatar da shigar kuɗi, sannan ta tura wa dila nasa. Dila ya ɗaure kaya a leda ko buhu, ya rubuta suna da lambar waya a jiki, ya kai tasha, ya turo lambar direba. Wannan shi ake kira webil. Kaya ya bi ta Bauchi da Gombe da Numan, in ya sauka a tashar Jalingo mai Keke Napep ya ƙarasa da shi ƙofar gida. A duk tsawon wannan zagaye mai sayarwar ba ta ajiye ko turmi ɗaya ba, wato dai dillanci ne irin na dillaliyar da ke shiga gida-gida da ƙunshin kaya, sai dai ƙunshin ya koma hoto.

Sauƙin shiga sana'ar shi ne kuma ya rage mata maiƙo. Tun da ba a buƙatar jari, kowa na iya farawa, kuma tun da dila ɗaya ke ba mutane da yawa hoto ɗaya, mai saye kan ga zane guda a sitatus uku ko huɗu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana taya, har ribar ta koma abin da bai taka kara ya karya ba. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya sun tura ƙarin mutane cikin sana'ar, saboda albashi ya daina kaiwa ƙarshen wata kuma hayar shago ta gagari mai ƙaramin ƙarfi, amma su ne kuma suka ninka kuɗin webil da na Keke, suka rage abin da ke aljihun masu saye. Masu sayarwa sun ƙaru a daidai lokacin da masu saye suka tsuke hannu.

A kan wannan siririyar riba ne sauran nauyin ke sauka. Jalingo tana ƙarshen dogon layin wutar da ya biyo ta Jos da Gombe, kuma lokacin da ɓarayi suka lalata turakun wannan layi a watan Afrilun 2024, garuruwan arewa maso gabas, har da Yola da Jalingo, sun shafe makonni cikin duhu, wanda ke nufin mai sana'ar waya sai ta biya mai caji kafin ta buɗe shagonta. A daminar shekarar kuma ruwa ya karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, hanyar da kayan Anacha da Aba ke bi, aka koma tsallakar da mutane da motoci ta jirgin ruwa. Hoton takalmi yana isowa daga Aba cikin daƙiƙa, takalmin kansa kuwa sai abin da hanya ta yi. Sannan ga harajin naira 50 da ake cirewa a kan duk taransifar da ta kai naira 10,000, wanda aka faɗaɗa zuwa kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya a watan Disamban 2024, ga ƙarin kuɗin data na 2025, wanda ya fi ciwo ga mai ɗora bidiyo. Kowane ɗaya ƙarami ne in an ware shi, amma dukkansu daga riba ɗaya ake zaftarsu.

Matsalar amana ta fi waɗannan wuyar magani. Akwai alat na bogi, inda mai saye ke nuna hoton shaidar biyan da aka ƙirƙira ya karɓi kaya, akwai kuma kishiyarsa, inda ake karɓar kuɗi a toshe lambar mai saye, ko a aiko da zanen da launinsa da ingancinsa suka sha bamban da na hoto. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda ta iya cin Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024, ba wurin da matar da aka cuta a kan turmi ɗaya za ta nufa ba ne, don haka kowa ya koma ga tsohon tsari na sanin asali, inda ake saye a wurin wadda aka san gidansu ko mijinta ko wadda wata aminiya ta tsaya mata. Wannan yana kare mutane daga zamba, amma yana kafa wa kasuwar iyaka, kuma yana jawo wata cutar, wato bashi, domin wadda aka sani ba a iya hana ta. A gari na ma'aikata "sai an yi albashi" magana ce ta yau da kullum, kuma mai sayarwar da ta riga ta biya dila lakadan ita ke ɗauke da jiran.

Masu ra'ayin cewa horo ne maganin lamarin suna da abin faɗa, kuma bai kamata a share shi gaba ɗaya ba. Hukumomi irin su SMEDAN da NITDA, da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023, sun ginu a kan tunanin cewa ƙarancin ƙwarewa ne ke hana ƙananan sana'o'i girma, kuma gaskiya ne cewa hoto mai kyau da rubuta farashi a fili da ajiye lissafi suna ƙara ciniki. Gaskiya ne kuma cewa tallar da ake biya a Facebook, ko bidiyon TikTok da ya samu karɓuwa, na iya kai kaya ga wanda bai taɓa jin sunan Mayo Gwoi ba. Amma wannan yana da amfani ne ga mai kayan da babu irinsu a wani wuri, kamar ganyen shayin Mambila, da busasshen kifin Ibi da Lau, da doyar ƙasar Mumuye, da zuma da man shanu. Wadda ke sayar da atamfar Kano ba ta da abin da za ta gaya wa mutumin Kano, kuma biyan kuɗin talla, wanda tun Janairun 2022 ake ɗora masa harajin kashi 7.5 cikin ɗari, asara ce kawai a gare ta. Mafi yawan cinikin waya a garin kaya yake shigowa da shi, kuɗi kuma su fita, kuma fitar da amfanin Taraba waje yana komawa ne ga tambayar gada da mota da abin da zai hana kifi lalacewa a hanya.

Barazanar Meta ta rufe Facebook da Instagram, da a ce ta tabbata, da ba ta girgiza waɗannan 'yan kasuwa sosai ba, kamar yadda dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya wuce yawancinsu ba su ji a jikinsu ba. Inda rauninsu yake shi ne WhatsApp da layin waya. A ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duk duniya, abin da ya nuna cewa kasuwar gaba ɗayanta tana zaune a filin wani. Layin waya kuwa ya zama shago da asusu da littafin abokan ciniki a lokaci guda, ta yadda satar waya a kasuwa ko a cikin Keke kan haɗa da kwashe kuɗin asusu da damfarar abokan ciniki da sunan mai ita. Rufe layukan da ba a haɗa su da lambar ɗan ƙasa ta NIN ba, wanda NCC ta sa wa wa'adin ƙarshe na 14 ga Satumban 2024, ya shafi irin waɗannan mata, musamman waɗanda aka yi rajistar layinsu da sunan miji ko ƙane ko mai shagon da ya sayar musu da shi, domin dawo da layin kan buƙaci wanda sunansa ke kan rajista ya bayyana da kansa a ofishin kamfanin waya.