Dandalin Wasa da Jikin Naƙasasshe: Abin da Kimiyya Ta Ce Game da Ƙofa, Matakala da Wurin Zama

Gabatarwa

Idan damina ta tattara nata ya nata, aka kai masara da dawa rumbu, aka auna auduga da waken soya a kasuwannin Funtuwa, Dandume, Bakori da Malumfashi, sai ƙasar ta ɗauki wata kama dabam. Manomi ya sami kuɗi a aljihu da hutu a jiki. A wannan lokaci na kaka ne kalangu ke kiran jama'a zuwa gidan dambe, ana kafa fagen kokawa, filayen ƙwallo kuma suna cika da yamma. Tun zamanin da mahauta ke yawon dambe gari-gari bayan girbi, dandali shi ne wurin da gari ke haɗuwa ya ga kansa.

Sai dai duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar irin waɗannan wurare zai lura da wani rukuni na jama'a. Gurgu bisa kekensa mai ƙafa uku, makaho da ɗan jagoransa, dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, sau da yawa a waje suke ƙarewa, suna jin ihun 'yan kallo ta bayan katanga ko zana. Galibi babu wanda ya kore su da baki. Ƙofa ce ta yi ƙunci, ko matakala ta tsaya a gaba, ko rairayi ya riƙe taya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani. Wannan maƙala za ta nuna cewa sanin yadda jiki ke aiki shi ke faɗa wa magini yadda ya kamata ya tsara dandali, kuma yawancin gyaran bai fi ƙarfin ƙaramin gari ba.

Ƙafar da Shan-inna Ya Taɓa

Da yawa daga cikin guragun da ke yankin nan, musamman manya, shan-inna ne ya same su tun suna ƙanana. Ƙwayar cutar tana shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abincin da kashi ya gurɓata, ta hayayyafa a hanji. A mafi yawan yara takan wuce ba tare da wata alama ba. Amma a kimanin yaro 1 cikin 200, takan kai ga laka, wato igiyar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, ta kashe ƙwayoyin jijiyar da ke aika wa tsoka umarnin motsi. Tsokar da ta daina samun umarni sai ta saki, ta tsotse. Jijiyoyin ji kuwa suna nan lafiya, haka ma basira da ido da kunne. Ma'ana, mai shan-inna yana jin zafin ƙasa da tsinin dutse a gwiwa da tafin hannu kamar kowa, kuma yana fahimtar turmin dambe kamar kowa.

A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, bayan an ga ta ƙarshe a Nijeriya a Jihar Barno a 2016. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan da ransu, ga kuma waɗanda haɗarin mota da babur ke karya wa ƙashin baya ko ya raba su da ƙafa.

Wanda ya koma tafiya da hannu ya ɗora wa kafaɗa aikin da ba nata ba. Tsokokin cinya da ɗuwawu su ne mafiya girma a jiki, kuma gaɓar ƙugu tana zaune daram cikin rami mai zurfi domin ɗaukar nauyi. Gaɓar kafaɗa kuwa raminta ba shi da zurfi, an tsara ta ne don juyawa ko'ina. Shi ya sa ciwon kafaɗa ya zama ruwan dare ga masu tura keke da masu dogara sanduna. Duk wani ƙarin wahalar da hanya ta jawo, a kafaɗa yake sauka.

Lissafin Gangare

A nan ne ilimin halittu ke haɗuwa da lissafi. Matakala guda mai tsayin santimita 15, wadda mai ƙafa ba ya ko lura da ita, katanga ce ga keken guragu. Maganinta shi ne gangare, wato shimfiɗaɗɗiyar hanya mai hawa sannu a hankali. Ƙa'idar da magina suka fi amfani da ita a duniya ita ce 1 bisa 12: duk hawan santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Dakali mai tsayin santimita 30 yana buƙatar gangare mai tsawon mita 3.6.

Alal misali, a ɗauka mutum da kekensa sun kai kilo 84. A kan gangaren 1 bisa 12, ƙarfin da zai yi amfani da shi don kada keken ya koma baya ya yi daidai da riƙe nauyin kilo 7. Idan magini ya gajarta gangaren don tsimin siminti ya mai da shi 1 bisa 4, nauyin zai haura zuwa kimanin kilo 20, kuma keken na iya kifewa ta baya. Irin wannan gangare ya tashi daga taimako ya koma tarko. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a wannan aiki kimar ido ba ta isa ba, sai an sa ma'auni.

Akwai sauran awo guda uku da suka cancanci a riƙe. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90. Wurin juya keke ya kai mita 1.5 kowane gefe. Dogon gangare kuma ya sami shimfiɗaɗɗen wurin hutawa aƙalla bayan kowace mita 9, da ƙarfen dafawa a gefe. Sannan ga batun rairayi. Tsakiyar fagen kokawa na buƙatar yashi domin kare 'yan wasa, amma taya na nutsewa a cikinsa. Siririyar hanyar marmara da aka daɓe da kyau, daga ƙofa zuwa wurin zama da makewayi, ta wadatar inda babu halin siminti.

Gani da Inuwa

Shiga dandali rabin aiki ne, domin kallo aka zo yi. Idon mutumin da ke zaune bisa keke yana kimanin mita 1.2 daga ƙasa, na wanda ke tsaye kuwa ya kai kimanin mita 1.6. Da zarar ɗan Kudu ya kai wa ɗan Arewa naushin kisa, ko aka jefa ƙwallo a raga, jama'a kan miƙe gaba ɗaya, sai gurgu ya koma kallon bayan riguna a daidai lokacin da ya biya kuɗi ya gani. Saboda haka wurin masu keke ko dai ya kasance a sahun gaba, ko bisa dakalin da ya ɗara kan masu tsayuwa, da kujerar ɗan rakiya a gefe. Kada a tattara su a lungu guda nesa da abokansu, domin daɗin kallo da abokin musu yake.

Rumfa ma ba ado ba ce. Jiki yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi, umarnin yin gumi kuwa ta laka yake bi. Wanda lakarsa ta yanke ba ya yin gumi yadda ya kamata daga wurin raunin zuwa ƙasa, don haka zafin rana kan taru a jikinsa har ya kai shi ga suma. Zabiya kuwa fatarsa ba ta da isasshen sinadarin melanin da ke tare hasken rana mai ƙuna, abin da ke jawo masa ƙonewar fata, a ƙarshe har da sankarar fata. Ƙarancin wannan sinadari yana raunana ganinsa kuma. Rumfar zana ko ta kara a sahun gaba tana magance matsalolin nan biyu a lokaci guda.

Kunnen Makaho, Idon Kurma

Makanta a ƙasar Hausa tana da sanadi da dama, daga yanar ido ga tsofaffi zuwa ƙyanda da ƙarancin bitamin A ga yara. Kunnen makaho bai fi na mai ido ƙarfi ba, amma ƙwaƙwalwarsa ta horu wajen tatsar labari daga sauti. Da kiɗan kalangu da kirarin maroƙa yakan san wane ne ya shigo fage. Abin da ya rage masa shi ne wanda zai faɗa masa abin da ke faruwa daƙiƙa bayan daƙiƙa. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar, an tanadi masu sharhi na musamman da ke siffanta wa makafi wasa dalla-dalla da Larabci da Ingilishi, aka kuma keɓe ɗakuna masu natsuwa a wasu filaye domin yaran da hayaniya ke firgitawa. Ƙasar da ta saba da sanƙira da mai shela ba ta rasa gwanayen baki da za su yi wannan aiki ba. Haka kuma a kawar da igiya, turke da buɗaɗɗiyar kwata daga hanya, a shafa fenti mai haske a bakin kowace matakala domin masu raunin gani.

Kurma kuwa ido ne kunnensa. Yawancin kuramen da aka haifa da ji sun rasa shi ne ta hanyar cututtuka irin su sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta yi ɓarna ƙwarai a arewacin Nijeriya. Allo da alli da ke nuna sunayen 'yan wasa da sakamako, tuta a hannun alƙalin wasa tare da usur, da mai maganar hannu a manyan taruka, su ne buƙatunsa.

Akwai kuma wani abin lura: dandali da kansa yana iya haifar da kurumta. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mai da girgizar sauti saƙon jijiya. Ƙara mai tsanani na kashe su, kuma a jikin ɗan'adam ba sa sake tsirowa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Kunne na iya jure desibel 85 na awa 8, amma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 ne kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren nishaɗi ya wuce desibel 100. A sarari, duk lokacin da mutum ya ninka nisansa daga lasifika, ƙara na raguwa da kimanin desibel 6. Don haka kada a zaunar da yara, ko makahon da kunne ne jarinsa, a gindin lasifika.

Ranar Gudu

Tsarin dandali yana fuskantar babbar jarrabawarsa ne ranar da aka firgita. A ranar 9 ga Mayun 2001, fiye da mutum 120 suka rasu a filin wasa na Akara a Gana, sa'ad da aka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka yi tururuwa zuwa matakala da ƙofofin da ke rufe. A irin wannan matsi, ƙirji ne ke kasa buɗewa, numfashi ya tsaya. Wanda ke kusa da ƙasa shi ne farkon wanda ake takawa. Wajibi ne wurin naƙasassu ya kasance kusa da ƙofar da ke buɗewa waje, wadda ba a sa mata kwaɗo ba muddin ana wasa, a kuma sa wasu matasa sanannu su kula da fitar da su.

Abin da Doka Ta Tanada

Wannan duk ba alfarma ba ce. Nijeriya ta amince a 2010 da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Naƙasassu ta 2006, wadda sashenta na 30 ya yi magana kan shiga harkokin al'adu, nishaɗi da wasanni. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta wajabta wa gine-ginen jama'a samar da hanyar shiga, ta ba naƙasassu fifiko a layi, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 na gyara, wanda ya cika a Janairun 2024. Hukuncin nuna bambanci shi ne tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun ga mutum, da Naira miliyan 1 ga kamfani. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa domin aiwatar da ita.

Kammalawa

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga tsarin naƙasassu, domin tun da can garuruwa suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu. Su da ƙungiyoyin naƙasassu na yau ya kamata mai gidan dambe ko hukumar filin wasa su fara tuntuɓa kafin a aza bulo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ma naƙasassun 'yan wasa ne: ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu bisa katako mai taya, a Nijeriya aka ƙirƙiro ta.

Ga malamai da ɗalibai kuwa, akwai darasi a shirye. Aji guda da ma'aunin tela na iya zuwa filin wasan makaranta ko dandalin gari, ya auna faɗin ƙofa da tsayin matakala, ya lissafa tsawon gangaren da ake buƙata, ya zana taswira, ya miƙa wa shugaban makaranta ko ƙaramar hukuma. Gangaren da aka yi domin gurgu, tsoho zai bi shi, mai juna biyu za ta bi shi, haka ma ɗan damben da ya karye a kakar bara.