Kafin ka shiga gidajen tarihin Alƙahira

Mutanenmu da yawa suna zuwa Alƙahira, wasu neman magani, wasu karatu a Azhar, wasu saro kaya. In an samu yini guda na hutu, sai a ce bari a je a ga Fir'auna. A nan ake tafka asara, domin birnin yana da manyan gidajen tarihi da dama, kuma abin da kake nema wataƙila ba ya gidan da direban tasi zai kai ka.

Tsohon gidan da ke dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, shi kowa ya sani. Amma gawawwakin sarakunan ba sa can yanzu. A watan Afrilun 2021 aka kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka mayar da su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Kayan kabarin Tutankhamun kuwa, wanda Howard Carter ya gano a 1922, sun koma sabon katafaren gidan da ke kusa da dalar Giza, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025. Tsakanin waɗannan wurare akwai tazara, ga cunkoson motoci mai cinye awa guda kamar wasa. Wanda ya ce sai ya zagaye su duka a yini ɗaya, ciwon ƙafa kawai zai kwaso. Gida biyu sun isa.

A Fusɗaɗ an hana ɗaukar hoto a zauren gawawwakin, kuma masu gadi ba sa wasa. Idan ɗan rakiya ya nuna maka Ramsis na Biyu ya rantse cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa (AS), ka saurara kawai. Masana ba su haɗu a kan haka ba. Wasu ɗansa Mernefta suke nunawa, shi ma yana kwance a zauren. Kada ka dawo gida kana wa'azi da zancen ɗan rakiya.

Gidan da na fi so mutanenmu su sani, kuma shi aka fi tsallakewa, shi ne na fasahar Musulunci a Babul Khalƙi. Tun 1903 yake a wannan gini. Bam ɗin da ya tashi a hedikwatar 'yan sanda da ke daura da shi a Janairun 2014 ya yi masa mummunar ɓarna, sai a 2017 aka sake buɗe shi. A ciki akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, da fitilun gilashi na masallatan zamanin Mamluk, da ƙofofin katako da aka sassaƙa da haƙurin da yakan sa mutum ya tsaya ya yi shiru. Babu turmutsutsu, kana iya daɗewa gaban abu guda ba mai ture ka. Sai dai ranar Juma'a lokutan buɗewa sukan canza saboda salla.

Batun tikiti: yawancin wuraren nan sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Tabbatar naka yana aiki a ƙasar waje tun kafin ka bar masauki. Kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, amma ɗalibi mai katin shaida yana samun ragi.

A bakin ƙofa, musamman a Tahrir, wani zai tare ka da fara'a ya ce an rufe sai anjima, ka zo shagon ɗan'uwansa ka sha shayi. Je ka ƙofar da kanka ka duba. Takardar zanen Fir'auna da ake sayarwa a irin waɗannan shaguna, wadda suke kira bardi, mai arhar sau da yawa ganyen ayaba ne aka matse.

Wanda ya fi haɗari shi ne mai raɗa maka cewa yana da ɗan gunki ko tsohon kwabo na ainihi da aka tono. In jabu ne, kuɗinka sun tafi. In na gaske ne, ka sayo wa kanka bala'i, domin doka mai lamba 117 ta 1983 ta haramta cinikin kayan tarihi da fitar da su daga Masar, hukuncin kuma ɗauri ne da tara mai nauyi. A filin jirgin sama akwai jami'an da aikinsu ke nan, duba irin waɗannan kaya. Tsarabarka ka saye ta a shagon cikin gidan tarihin, ka karɓi rasit, ka ajiye shi tare da fasfonka har ka wuce bincike.