Ina nauyin itacen da ya ƙone yake tafiya?

Ana yawan cewa wuta tana cinye abu ta hallaka shi ƙurmus. Masu faɗar haka suna da abin nunawa: a cika murhu da itace, da safe sai 'yar tokar da ba ta cika ƙoƙo ba. Gaskiya ne tokar ba ta kai nauyin itacen ba, amma nauyin bai ɓace ba. Sama ya tashi, ya zama iskar kabon-dayoksaid da tururin ruwa da hayaƙi. Da za a tare su duka a ɗora a sikeli tare da tokar, sai sun fi itacen nauyi, domin iskar oksijin ta shiga cikinsu. Giram 12 na kabon, wanda shi ne jigon gawayi, yana haɗuwa da giram 32 na oksijin ya ba da giram 44 na kabon-dayoksaid, babu ragi babu ƙari.

Antoine Lavoisier na Faransa ya tabbatar da haka ta auna abubuwa a rufaffiyar kwalba kafin su sauya da bayan sun sauya, ya kuma rubuta ƙa'idar cewa nauyi ba ya ɓacewa a littafinsa na 1789. Tun a 1756 Mikhail Lomonosov na Rasha ya yi irin wannan gwaji, sai dai ba a cika ambatonsa ba.

Zancen cewa tsatsa tana rage nauyin ƙarfe ma haka yake. Ƙusa mai tsatsa ta fi sabuwa nauyi, muddin tsatsar ba ta kakkaɓe ba.

Jita-jitar da ta fi cutarwa kuwa tana tsakanin ɗaliban sakandare: wai idan lissafin haɗuwar sinadarai ya ƙi daidaita, sai a gyara ƙaramar lambar da ke ƙasan harafi. A'a. A H₂ + O₂ → H₂O, ƙwayoyin zarrar oksijin biyu ne a hagu, ɗaya a dama. Wanda ya mayar da H₂O ta koma H₂O₂ ya daidaita ƙidaya, amma ya bar ruwan sha ya kama haidirojin-faroksaid, wanda ake wanke ciwo da shi. Lambar da ke gaban sinadari kaɗai ake taɓawa: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Haidirojin huɗu hagu da dama, oksijin biyu-biyu.

Masu cewa Einstein ya rushe ƙa'idar suna da ɗan gaskiya. Nauyi kan rikiɗe ya zama makamashi, kuma ana iya auna hakan a harkar nukiliya. A wutar murhu kuwa, abin da ke raguwa bai kai sikelin ɗakin gwaji ya gane shi ba.