Kakaki da tambari: shin amon jiya ne ake ji a yau?

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya san cewa tun kafin masunta su faɗa kogin Matan Fada, makaɗa ne ke cika wuri da amo, wasu a bakin gaɓa, wasu a cikin kwale-kwale.

An soma bikin a tsarinsa na yanzu ne a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016.

To sai dai akwai abin tambaya: shin amon da ake ji a yau shi ne wanda kakanni suka ji?

Yadda Turawa suka waiwayi baya

Makaɗan Turai sun daɗe da fuskantar wannan tambaya. Sun lura cewa ana kaɗa waƙoƙin Bach da Mozart da kayan da mawallafan ba su taɓa gani ba.

A 1953 Nikolaus Harnoncourt ya kafa ƙungiyar Concentus Musicus a birnin Vienna, sannan a 1973 Christopher Hogwood ya kafa Academy of Ancient Music a Ingila, dukkansu domin kiɗa da kayan zamanin da aka tsara waƙar.

Sun cire tsirkiyar ƙarfe daga gogensu, suka mayar da ta hanjin dabba. Sun kuma koma ga tsohon ƙahon tagulla marar maɓallai, domin sai wajen 1815 aka ƙirƙiro maɓallan.

Sakamakon shi ne waƙoƙin da kowa ke zaton ya sani suka fito da wani amo na daban.

Kayan fada

A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban, domin kayan kiɗan sarauta ba su taɓa barin fada ba.

Kakaki, kamar tsohon ƙahon na Turawa, ba shi da maɓalli ko rami. Da leɓe da numfashi kawai mabushi ke fitar da 'yan sautukan da ke kwaikwayon kirarin sarki. Tarihin Kano ya danganta shigowarsa birnin da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Shi kuwa mai algaita yana tara iska a kumatu yayin da yake shaƙar wata ta hanci, shi ya sa busar ba ta yankewa. Tambari kuma alama ce ta mulki, ba a buga wa kowa.

Kabi, wadda Muhammadu Kanta ya ɗaukaka a farkon ƙarni na 16, ta ga sauyi babba a 1805, lokacin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi. Daga bisani Kabawa suka kafa hedkwatarsu a Argungu, yayin da a yau Birnin Kebbi ke zaman mazaunin Sarkin Gwandu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki kaɗe-kaɗen sharholiya na sarakunan zamaninsa, amma duk da haka kayan fada sun ɗore a masarautu da dama.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce sunan abu kan tsaya, jikinsa kuwa ya sauya. An ƙera kakaki da tagulla a da, amma a ƙarni na 20 maƙera da dama sun koma amfani da gwangwani. Mawaƙan zamani kuma kan fitar da sautin kalangu daga na'ura, ba tare da fata ko makaɗi ba.

Bugu da ƙari, Turawa suna da rubutattun waƙoƙi da suka koma gare su. Taken sarakunan Hausa kuwa a kan mabushi yake, daga uba zuwa ɗa.

Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda tsohuwar fada ce da aka buɗe wa jama'a a 1958, yana adana makamai da ganguna na da. Amma ganga a ajiye ba ta faɗin taken da aka buga da ita, sai in an samu wanda ya gaji hannun.