Dalilin da Ya Sa Likita Ba Ya Gama Karatu

Da yawa daga cikinmu muna zaton da zarar mutum ya karɓi takardar shaidar likitanci, to, ya yi sallama da littafi ke nan. Abin kuwa ba haka yake ba. A Nijeriya, Hukumar Kula da Aikin Likitoci ba ta sabunta wa likita lasisinsa na shekara sai ya nuna shaidar ya halarci tarurrukan ƙaro ilmi. Wannan doka ta shafi ƙaramin likita, ta shafi babba, har malaman da ke koyarwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato. Dama Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi.

Wani fanni da ya fi bukatar wannan karatu shi ne na ciwo mai daɗewa, watau raɗaɗin da ya wuce wata uku bai saki mutum ba, ko kuwa yana tafiya yana dawowa. Irinsa ne ke damun masu amosanin jini, wato sikila, da masu ciwon daji, da tsofaffi masu ciwon baya da gwiwa, da masu ciwon sukari waɗanda tafin ƙafarsu ke zafi kamar sun taka garwashi.

A shekarar 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani tsari mai kama da tsani, mai matakai uku, domin masu ciwon daji. A mataki na farko a ba da magani mai sauƙi irin su farasitamol. In bai yi ba, a hau na biyu, inda ake da kodin. In zogi ya tsananta, a hau na uku, a ba da mofin. Kuma a riƙa ba da maganin a kan lokaci, ba sai mara lafiya ya fara kururuwa ba.

Tun daga nan an sami ci gaba mai yawa. An gano cewa ciwon jijiya bai cika jin waɗannan magunguna ba, yana da nasa daban, kamar amitiriftilin. Ana yin allura kusa da jijiyar da ke kai saƙon zafi don a kashe mata kaifi. Ana haska ƙashin da daji ya kama da na'ura, sai zogi ya ragu. Masu sikila kuma akwai haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwon. Ga kuma motsa jiki a sashen gashin ƙashi. Likitan da ya tsaya a kan abin da ya koya shekara ashirin da suka wuce, yaya za a yi ya san duk waɗannan?

Rashin wannan sani yana jawo hatsari iri biyu. Na farko, likita ya ji tsoron mofin ya hana wanda ya cancanta, ya bar shi yana murƙususu har gari ya waye. Na biyu, a saki maganin ba awo har ya zama jaraba. Mun dai san yadda kodin da tiramol suka lalata samari da 'yan mata, har ta kai a shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Ilmi ne kaɗai ke nuna wa likita wa zai ba, nawa zai ba shi, da lokacin da zai rage.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in ciwo ya daɗe a jikin wani a gida, kada a ce masa raki ne, kada kuma a aika yaro kyamis ya sayo ƙwaya. A kai shi asibiti, ya faɗa wa likita inda ke ciwon da yadda yake ji, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar likitanci, mu sani karatun da muka ɗauko ba shi da ranar saukewa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.