Zambar wayar salula a yankin Ƙonni: abin da doka ta tanada

A da, wanda ke son ƙwace dukiyar fatake sai ya tare hanya da makami. Yau lambar waya da daɗin baki sun ishe shi. A gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jahar Tawa, inda ciniki ke gudana dare da rana tsakanin Nijar da Najeriya, wannan sabon salon sata ya zama abin da ya kamata kowane ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati ya san kansa, ya kuma san dokar da ke kare shi.

Yankin yana da abin da ke jawo ɓarayi. Albasar Galmi na tafiya har Abijan da Akara, simintin Malbaza na shiga ko'ina cikin ƙasa, dabbobin kasuwar Badagishiri na tsallaka iyaka, ga kuma ƴan cirani masu aiko wa iyalansu kuɗi. Kaso mai yawa na wannan dukiya a yanzu ta waya yake bi, ko ta kamfanonin aika kuɗi. Mai saye da mai sayarwa ba lalle su ga juna ba, amana ce kaɗai ke haɗa su. Ita wannan amanar ce mazambata ke farauta.

Dabarunsu ba su da yawa, sai dai suna ci. Wani zai aiko da saƙo mai kama da na kamfani, cewa kuɗi sun shigo asusun mutum, sa'an nan ya kira yana magiya wai kuskure ya yi, a taimaka a mayar masa. Wanda ya mayar bai duba asusunsa ba, daga aljihunsa ya biya. Wani zai ce shi ma'aikacin banki ne, za a rufe asusu in ba a faɗi lambar sirri ba. Wani kuma zai nemi a karanta masa lambobi 6 da WhatsApp ya aiko. Da ya same su, sai ya karɓe asusun, ya shiga rubuta wa abokan huldar mai shi da sunansa da hotonsa yana neman rance na gaggawa. Nan asarar biyu ce: abokai sun rasa kuɗi, mai asusun kuma sunansa ya ɓaci a kasuwa, alhali mutunci shi ne babban jarin ɗan kasuwa.

Kundin hukunta laifuka na Nijar na 1961 ya san zamba cikin aminci, amma an rubuta shi tun kafin zuwan kwamfuta da intanet. Don cike wannan giɓi aka kafa doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, wadda ta tanadi ɗauri da tara ga mai kutsawa cikin na'urar wani ba da izini ba, da mai ƙirƙira ko sauya bayanai, da mai damfara ta hanyar na'ura. An taɓa dokar a 2022 da kuma a Yunin 2024, amma muhawarar da aka sha yi a kanta ta fi karkata ga sassan ɓata suna da cin mutunci, shi ya sa jama'a da dama ke ɗaukar ta dokar ƴan jarida ce kawai. Alhali tana kare mai shagon Tsarnawa kamar yadda take kare babban attajirin Yamai. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2017, wadda aka sabunta a Disambar 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido kan yadda bankuna da kamfanoni ke riƙe sunaye da lambobin jama'a.

A tsallaken iyaka ma doka ba ta yi shiru ba. Kalmar «419» da kowa ya sani a bakin ƴan kasuwa lambar sashe ce a kundin laifukan Najeriya. A 2015 ƙasar ta kafa dokar laifukan intanet, wadda sashenta na 32 ya yanke ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyu, ga mai yaudarar mutane don su ba shi bayanan sirrinsu; sashe na 22 kuma ya shafi masu sojan gona da sunan wani. Matsalar ita ce, tsakanin Ƙonni da Illelar jahar Sakkwato tafiyar ƴan mintuna ce, layin waya na ƙetarawa ba tare da an tambaye shi takarda ba, amma alƙalin Ƙonni ikonsa a bakin iyaka ya tsaya. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014 ta kuma fara aiki a 2023, ta buƙaci ƙasashe su taimaki juna a irin wannan bincike. Rubutawa a takarda daban, aiwatarwa daban.

Babban cikas kuwa shi ne kunya. Alhajin da aka yaudara yakan gwammace ya haɗiye asararsa da a ji a kasuwa cewa yaro ya yi masa wayo. Ma'aikacin gwamnati na tsoron dariyar abokan ofis. To, alƙali ba ya hukunci sai da ƙara. Wanda abin ya faɗa wa ya kamata ya sanar da kamfanin waya ko bankinsa nan take, ya ajiye saƙonnin da lambar da ta kira shi da rasit ɗin aikawa, ya kai ƙara komisariya ko jandarmeri, waɗanda za su miƙa ta ga mai gabatar da ƙara na babbar kotun Ƙonni, ko ga sashen ƴan sandan bincike mai kula da laifukan intanet a Yamai.

Sauran kuwa rigakafi ne. Babu banki ko kamfanin da ke tambayar lambar sirri ta waya. Bai kamata mutum ya ba wani katinsa na ɗan ƙasa ya yi rajistar layi da shi ba, domin in aka yi zamba da layin, ƙofarsa jandarmomi za su fara bugawa. Wanda abokinsa ya nemi kuɗi a rubuce, ya kira shi ya ji muryarsa tukuna, kamar yadda dillalin Badagishiri ba ya biyan kuɗin sa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora.